Sunan Karen Babana Ya Haɗa Ni da Kawu

Anti Adawiyya, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyali. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi dariya, don duk wanda na fara ba labarin nan sai ya dara tun ban kai inda ke yi mani ciwo ba. Maganar kare ce. Ni matar aure, uwar 'ya'ya, yau ga ni ina jinyar kare, kuma jinyar na neman raba ni da kawuna, wan mahaifiyata, wanda a gidansa muke zaune.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Ruma, ƙasar Batsari. Da zaman can ya gagara, kin san halin da ake ciki ba sai na faɗa ba, Kawu Nu'uman ya aiko da a-kori-kurarsa ta kwaso mu zuwa Safana. Ya yanke mana sashe a gidansa, 'yar katanga ce kawai tsakanin tsakar gidanmu da rumfar da yake hutawa. Mutumin kirki ne na gaske, sai dai zuciyarsa a kusa take, kuma ba ya son a gan shi da kuskure ko na ƙwayar gero. Ranar da muka taso direba ya rantse ba zai ɗauki kare ba, muka bar shi a ƙofar gida yana bin mu da ido. Na yi ta kuka a mota, mijina Armaya'u yana cewa mutane na kukan gida da gona, ni ina kukan kare. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi kwance a ƙofar gidan Kawu, ya rame, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Yadda aka yi ya gano hanya har yau ban sani ba.

Karen na marigayi Babana ne, kuma shi kaɗai ya rage mani daga gidanmu. Baba mutum ne mai barkwanci, gwanin habaici. Kin san yadda tsofaffinmu ke yi, in suna da magana da maƙwabci ba su tare shi da ita, sai su raɗa wa kare suna, kullum aka kira kare maƙwabci ya sha. To amma wannan sunan ba don kowa aka sa shi ba. Ɗan kwikwiyo ne Baba ya samo a rugar wani abokinsa, ɗan firit, kunne ɗaya a lanƙwashe, duk wanda ya leƙo sai ya ce wannan ba zai yi rai ba balle gadi. Baba kuwa amsarsa ɗaya ce ga kowa, wai za ka gani. Da haka maganar ta bi karen, ya zama Zakagani.

Tun da muka zo Safana babu wanda ya kira shi da sunan. Armaya'u fito yake yi mashi, mutanen gidan Kawu kuma karen 'yan Ruma suke ce mashi. Ni mace me zai kai ni ƙofar gida kiran kare? Can waje yake zaune, ya maida inuwar motar Kawu ɗakinsa.

Bayan girbi Kawu ya dawo da lodin dawa. Bai jira 'yan dako ba, don shi komai yanzu-yanzu yake so, ya kwance igiya da kansa. Buhu ya zamo ya faɗo a gadon bayan karen. Da na fito na tarar yana jan jiki da ƙafafun gaba, na baya suna biye da shi kamar tsumma. Nan take ƙofar gida ta cika da likitoci. Wani ya ce a kai shi bayan gari a bar shi, wani ya ce a kira mai ɗori, wani tsoho har ya fara neman ƙarfen da za a yi mashi sakiya. Kawu ya juya ya shige gida. Matarsa Inna Fanta ta gaya mani ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Armaya'u, Allah ya saka mashi, ya je ya samo malamin dabbobi. Mutumin ya matse yatsun ƙafar baya da ƙarfi, karen ya waiwayo ya yi ƙara. Ya ce wannan ƙarar ita yake nema, tunda yana jin zafi akwai sa rai. Ya ba da magani, ya ce a killace shi wuri guda kada ya riƙa jan jiki, ya nuna mani yadda zan kula da shi, ya tafi ya bar ni da aiki.

Anti, aiki fa. Na share tsohon ɗakin awaki, na cika buhu da ƙaiƙayin gero na yi mashi katifa. Ina juya shi daga wannan gefe zuwa wancan kamar waina a tanda, don kada kwanciya ta ci mashi fata. Ina matsa mashi mara ya yi fitsari, in goge shi, in shanya shimfiɗa, in murza mashi cinyoyi, in lanƙwasa ƙafa in miƙe. Na ware zani guda da sabulu na wannan aikin kaɗai. Matan unguwa sun sa mani suna ungozomar kare, suna tambaya yaushe za a yi suna, wata ta ce saura kunun kanwa da wankan jego. Shi kuma gogan ya samu wuri. Karen da a da ƙanzo ma godiya yake yi, yanzu in tuwo babu romo sai ya kau da kai, kuma ba ya ci sai ina tsaye a kansa. Ban ɓoye maki ba, ina jin daɗin abin. Rabon da in yi dariya irin wadda nake yi a ɗakin awakin nan tun muna gida.

Ranar da wutsiyarsa ta motsa saura kaɗan in yi guɗa. Da malamin ya dawo ya duba, ya ce lokacin tsayuwa ya yi. A zura zani ta ƙarƙashin cikinsa, mutum ɗaya ya riƙe bakin zanin ya ɗauke mashi nauyi, wani ya tsaya a gaba yana kiransa. Armaya'u ya riƙe zani. Ya yi fito, shiru. Na nuna ƙashi, ya zuba mani ido yana jira in kawo mashi kamar kullum. Ban san lokacin da na buɗe murya na kira shi yadda Baba ke kiransa ba, da ƙarfi, a ja ƙarshen. Sai kunnen nan mai lanƙwasa ya miƙe, ya dafa ƙafar hagu ta baya a ƙasa, ya tura. Taku ɗaya ne, amma ni da Armaya'u muka tsaya muna kallon juna, shi da ke yi mani dariya idonsa ya kawo ruwa.

Daga ranar safe da yamma muke yi. Ga inda matsalar take. Wurin da ke da inuwa kuma babu gangare a sashenmu guda ɗaya ne, in na tsaya kiran kare fuskata na kallon katangar Kawu. Shi kuma daidai lokacin yana rumfa, da safe yana shan koko, da yamma yana jin rediyo. Ki duba abin da bawan Allahn nan yake ji. Ya karya karen ɗiyar ƙanwarsa, ba a jima ba ta fara fuskantar katangarsa safe da yamma tana ɗaga murya tana cewa za ka gani. Wallahi ko kusa ban kawo wannan a raina ba, hankalina na kan ƙafar kare.

Na dai ga gaisuwa ta canza. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa a gajarce yana kallon wani wuri. Na aika mashi da fura, ta dawo yadda ta tafi. Ashe har ya fara zagaya motarsa yana duba tayoyi kafin ya hau, kuma da ta lalace mashi a hanyar Runka ya dawo yana gaya wa Inna Fanta ga shi ya fara gani. Ita ce ta gaji ta zagayo sashenmu ta same mu a tsakiyar aiki, ni ina kira, Armaya'u na riƙe da zani, kare na tangaɗi. Da ta gane, dariya ta ci ƙarfinta sai da ta zauna a kan turmi.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Da ta yi wa Kawu bayani sai ya ce shi za a yi wa wayo? Ya san surukinsa marigayi sarai, ya san irin sunayen da yake sa wa karnuka, kuma ɗiya ba ta rasa gadon uba. In da gaske tsohon suna ne, me ya sa bai taɓa jin shi ba sai bayan da buhu ya faɗi? Wai bayan abin ya faru ne muka zauna muka raɗa. Mutanen ƙauyenmu da za su shaide ni duk sun watse, wasu Katsina, wasu Batsari, shaidar Armaya'u kuwa ya ce ta miji ce.

Na gwada dabaru. Na canza mashi suna zuwa Duna, ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Na kira a hankali, sai ya kaɗa wutsiya daga kwance. Ɗaya gefen tsakar gidan rariya ce, santsi gare shi. Waje kuwa ba zai yiwu ba, a wannan zamanin da kowa ke tsoron kowa, matar aure baƙuwa ta tsaya a titi tana cewa za ka gani, ai sai a kai ƙarata wurin mai unguwa.

Yanzu Kawu ya aiko Inna Fanta. Ya ce shi ba ya korar jininsa, amma kare ya bar mashi gida kafin azumi. Direbansa zai kai shi wata gona wajen Runka. Anti, wa zai juya shi a can, wa zai riƙe mashi zani? Mutuwa ce kawai aka canza wa suna. Armaya'u ya ce mu baƙi ne, mu bi. Ni ma na san Kawu ya yi mana abin da ba kowa zai yi ba, kuma ban riƙe shi a zuciya kan buhun nan ba, tsautsayi ne. Sai dai ban taɓa gaya mashi haka ba, don da wane baki yarinya za ta ce wa kawunta ta yafe mashi? Tun ranar babu wanda ya ɗauko zancen tsakaninmu.

Mun daina atisayen tun da saƙon ya zo, kuma ina ganin ƙafar ta fara komawa baya. In ba da shi? In roƙa? Zai tashi kuwa, ko wahalar da kaina nake yi? Sannan wasu na cewa sallata ma da sauran magana saboda taɓa shi da nake yi. Ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Taki,
Mai jinya, daga Safana

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa Mai jinya. Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika roƙa, amma ban cika alkawari ba, na yi dariya a wajen duba tayoyi. Bayan na gama kuma sai na ji tausayin mutum biyu, ke da Kawu.

Bari in fara da shi, domin ba shi da wauta kamar yadda labarin zai sa a zata. Sa wa kare sunan habaici abu ne da ya sani tun yana yaro, kuma ya san mahaifinki da shi. Ga mutum ba ya son kuskure, ga kuskuren ya faru da hannunsa a gaban jama'a, ga wadda ya yi wa ɓarnar tana zaune a gidansa ba ta ce masa komai ba. Wanda bai ci tuwo ba a ranar, abin yana cinsa. Da ma jira yake ya ji hukuncinki, sai ga kira ta kan katanga. Ko da sunan karen Duna ne, ina zaton da ya sami abin da zai ji a ciki.

Ke ma kina da gaskiya. Dabba marar lafiya amana ce a hannun mai ita, kuma tura shi gonar da babu mai kula da shi a wannan hali ba daidai ba ne. Inda kika yi sake shi ne barin Inna Fanta ta zama bakinki. Ta yi ƙoƙari, amma da dariya ta kai masa maganar, kuma dattijon da ke jin kunya in aka haɗa masa da dariya sai ya ƙara ƙanƙame matsayinsa.

Saboda haka ki je da kanki, Armaya'u ya raka ki, tunda shi ne maigidanki kuma shi ma yana cin arzikin rumfar. Ki zaɓi lokacin da babu baƙi. Kada ki ce kin yafe, kin yi daidai da kika ji nauyin kalmar. Ki gode masa a kan ɗauko ku da ya yi. Ki ce masa kin san faɗuwar buhu tsautsayi ne, kuma laifin kare ne da ya mayar da inuwar mota ɗaki. Ki ba shi haƙuri a kan ɗaga murya a kusa da rumfarsa ba tare da kin sanar da shi ba, wannan kam hakkinsa ne. Daga nan ki ba shi labarin ɗan kwikwiyon da kowa ya raina, yadda kika ba ni.

Kada ki je neman cin gardama. Ki je neman taimako. Ki ce masa hannu biyu ya yi muku kaɗan, kina roƙon ya zagayo ya tsaya a gaba ya kira, tunda muryar namiji dattijo ta fi taki kama da ta marigayi. In ya zo, ki bar shi ya gwada kowane suna ya ga dama, sannan ya gwada na gaskiya. Kunnen karen zai ba shi shaidar da mutanen ƙauyenku ba su nan su bayar, kuma shi da kansa zai gano, ba wanda ya kayar da shi. Manya da yawa sun fi iya karɓar roƙo a kan karɓar afuwa.

Kafin nan kada atisaye ya tsaya, domin ƙafar da aka bari tana saurin shanyewa. Tsayar da shi da zani, murza cinya da lanƙwasa gaɓoɓi duk ba sa buƙatar kira. Ki kuma fara koya masa wata alama: ki buga kwanon abincinsa duk lokacin da za ki ba shi, ki daina kai masa har baki, ki ajiye ɗan nesa kaɗan yadda sai ya yunƙura. Kin ce ya sangarce, to ke kika sangarta shi, kuma ƙiba ma nauyi ce a kan bayan da ke warkewa. A rage romo.

Ki ci gaba da juya shi, ki riƙa duba ƙugu da gwiwa ko fata ta fara ja, ki kiyaye shi daga ƙuda da kaska, shimfiɗa kullum a bushe. Kada kowa ya ja masa baya ko ya sa masa wuta, kuma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana iya kashe kare. In fitsari ya tsaya, ko ya yi jini ko wari, ko ya daina jin matsa a yatsu, a kira malamin dabbobi a ranar. Shi ne zai faɗa muku yawan atisayen da ya dace, ba ni ba.

Maganar salla ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa, kada ki tsaya a kan ta matan unguwa. Ni dai na ga kin ware zani da sabulu, kina wanke abin da ya taɓa ki, kuma ban san malamin da ya hana tausayin dabba ba.

Zai tashi? Ban sani ba, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Jin zafi, motsin wutsiya da dafa ƙafa duk alamu ne masu kyau. Wasu karnukan suna komawa gudu, wasu suna ƙarewa da ɗingishi, wasu sai da taimako har ƙarshe. Ko wanne ya samu, wahalarki ba ta tafi a banza ba.

In kuma kin yi duk wannan Kawu ya tsaya a kan bakansa, gidansa ne, kuma ba za ki jefa matsugunin 'ya'yanki cikin haɗari ba. Sai ki roƙi abu ɗaya: kada a ɗora shi a bayan mota a bi da shi hanya mai gargada. Armaya'u ya nemi wani gida a cikin gari inda za ku riƙa zuwa kuna yi masa abin da kuka saba. Amma ban zaci za a kai nan ba. Mutumin da ya aika mota ƙauye don ɗiyar ƙanwarsa ba mai taurin zuciya ba ne.

Ranar da karen ya taka da kansa babu zani, ki riƙe guɗarki tukuna. Ki aika a kira Kawu kafin kowa ya ji, domin tun da buhun nan ya faɗi shi ma bai miƙe ba. Allah ya ba majinyatanki biyu lafiya, ya jiƙan mahaifinki, ya zaunar da ƙasarku lafiya ku koma gida.

Taki,
Anti Adawiyya